Jinin Kawu a Kan Katin Ruwan Lemu

Jiya a kasuwar Katako wani mai sayar da fenti ya baza mini katunan launi, sai na ji warin tawada da kananzir na maɗaba'ar Kawu ya cika mini hanci.

Kawu ba ya karɓar launi da baki. Yana da damin katuna da aka kawo masa daga Faransa, kowane launi da lambarsa. In mai ba da aiki ya zo, sai ya ja shi waje cikin rana ya ce, "Ɗora yatsanka. Baki ya iya musu, yatsa bai iya ba."

Farkon samun 'yanci, lokacin ni ke juya masa inji, wani babba a jam'iyya ya ba mu aikin tutocin ƙasa na takarda, masu launin ruwan lemu da fari da kore. Ya ƙi taɓa kati, wai wa bai san ruwan lemu ba? Da muka buga, ya ce ja muka yi, mun zagi ƙasa. Ya dawo da ƙarti riƙe da kulake. Suka kifar da gwangwanayen tawada, suka karya mini haƙori, suka fasa wa Kawu goshi. Shi kuwa ya kifa ciki a kan katunan, yana shan duka a gadon baya, bai saki ba.

Da suka tafi, ya rarrafa bakin ƙofa, jini na ɗiga a kan katin ruwan lemu. Ya duba, ya tofar da yawu.

"Ɗan nan, zo ka gani. Wannan shi ne ja. Da jakin ya tsaya, da na nuna masa."

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, da hasken da ba ya koɗewa.