Zaren da Garba ya naɗa na ƙarshe

A wannan watan na Afrilu aminina Injiniya Garba ya cika shekara goma da rasuwa. Ya tafi a 2009, ana gab da buɗe kamun kifi na shekarar a mashigin teku na Chesapeake da ke Amurka, bayan ya gama shirinsa tsaf. Har yau idan sanyi ya fara sakinmu a nan Alexandria, nakan ji kamar wayata za ta yi ƙara in ji yana cewa, "Sani, ka zo gidana a Laurel ranar Asabar ka riƙe mini fensir."

Garba mutumin Yawuri ne, ɗan masunci, karatu ya kawo shi Amurka ya zauna yana aikin gadoji. Ni kuwa Bakatsine ne mai harhaɗa magunguna, kuma kafin in san shi ruwa mafi zurfi da na taɓa leƙawa shi ne na randa. A masallacin Juma'a muka haɗu. Sarkin Ruwa muke ce masa don tsokana, shi kuma ya amsa ba ko kunya. Yana da ɗan jirgi mai inji da ya saya na hannu, kuma a cikinsa na yi amai fiye da yadda zan so in faɗa a jarida.

Kamun kifinsa ba irin fatsar da muka sani ba ce, wadda mutum zai zauna a gaɓa yana gyangyaɗi. Jirgi ne ke tafiya a hankali, ƙugiyoyi na biye da shi a baya, can ƙasa inda manyan kifaye ke wucewa. Kifin da yake nema mai zane ne a jiki, yakan ce ɗan'uwan giwan ruwa ne da ya yi hijira kamarmu. Dabarar duka ita ce ka kai ƙugiya wannan zurfin ka kuma riƙe ta a can. Shi ya sa yake cewa zurfin ruwa ne ke zaɓar zare, zare ya zaɓi sanda, sannan a nemo kwarkwaron da zai ɗauke shi. Kwarkwaro yake kiran abin naɗe zaren, kamar na masaƙa. Takaicinsa mutanen da kan fara sayen kwarkwaro mai ƙyalli, sai daga baya su tambayi wane zare za su sa.

Zaren nailan yana miƙewa idan kifi ya fizga, don haka yana rufa wa mai kuskure asiri, sai dai son tasowa sama gare shi, dole a rataya masa darma. Saƙaƙƙen zare siriri ne, yana yanka ruwa ya sauka, amma ba ya miƙewa ko kaɗan, in ba ka haɗa shi da sanda mai taushin kai ba sai ƙugiya ta yage bakin kifi ya tafi. Akwai kuma wayar ƙarfe, wadda ke nutsewa da kanta. Ita ce mafi wahalar sha'ani, tana cin zobban sanda da zare ke bi ta cikinsu in ba masu ƴan tayoyi ba ne, kuma da ta lanƙwashe wuri ɗaya to nan za ta karye. A kwarkwaro kuwa birki kawai yake dubawa, ya ja zare da hannu ya ji ko yana saki sumul ko yana sarƙewa.

Har mutane yake zaɓar wa zare. Waya tasa ce, ba ya ba kowa. Ni kuwa shekara da shekaru nailan yake miƙo mini. Da na yi ƙorafi sai ya ce, "Kai mai fizga ne, Sani. Wannan ne kaɗai zai iya haƙuri da kai." Na ji haushi, amma matata da na gaya mata ta ce ai bai yi ƙarya ba.

Nailan yana da aibi ɗaya: rana da gishiri da daɗewa suna cinye ƙarfinsa ba tare da ido ya gani ba. Saboda haka duk shekara kafin a fita, Garba kan warware na bara ya zubar. Nan aikina yake shigowa. Zan zura fensir a tsakiyar dunƙulen sabon zare in matse shi da tsumma, shi kuma yana naɗewa, don zaren ya kwanta da ƙarfi. Ƴar autarsa Zainab takan zauna kusa da shi a garejin, yana yi mata Hausa tana mayar masa da Turanci. Haka muka yi a wata Asabar ta 2009. Kafin wata Asabar ɗin ta zagayo zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki, zaren nan bai taɓa ruwa ba.

An sayar da jirgin, an raba sandunan ga abokai. Guda ɗaya matarsa Hajiya Rabi ta hana a taɓa, wadda ya naɗa wa zare a ƙarshe. Ta naɗe ta da zani ta jingine a ɗakin ƙasa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu allo ne a jirgi yake nuna maka kifin ƙuru-ƙuru, kwarkwaro yana ƙirga tsawon zaren da ka saki, kusan kowa ya koma saƙaƙƙen zare, masu waya sun zama tsofaffin yayi. Na san zai yi mita na mako guda, sannan ya je ya sayo a ɓoye, don injiniya ne. Abin da zai dame shi shi ne yadda masu jirage ke kukan manyan kifayen sun ja baya. Abin da zai fi ci masa rai kuma mu ne. A da, ranar da ya yi kamu, gidansa kan cika da ƴan Najeriya da ƴan Nijar da mutanen Kumasi, kowa da kwanonsa, ana gardamar wa ya fi iya yaji. Yanzu sai rasuwa take haɗa mu, mu gaisa a tsaye kowa ya nufi motarsa.

Bara Zainab ta kira ni. Ta girma, ta yi aure, ita da mijinta sun kama gurbi a jirgin haya, kuma sandar mahaifinta take so ta fita da ita. Mahaifiyarta ta yarda, da sharaɗin ba za a cire zaren ba. Na ɗauki mota na nufi Laurel cikin damuwa, don na san nailan mai shekara tara ba zai riƙe komai ba. Kifin farko zai tsinke shi ya tafi da shi ƙasan teku, a rasa kifin, a rasa zaren da ake tattali.

Na tarar da su biyun a gida, bayan mun gaisa na faɗa wa Hajiya haka, cikin lallami iyakar iyawata.

"Hannunsa ne a kai, Malam Sani," in ji ta.

"Na sani, Hajiya. Ni na riƙe masa fensir."

Sai ta tashi ta hau sama. Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara tunanin inda zan aro wa Zainab wata sandar. Can sai ga ta ta sauko da fensir a hannu ɗaya, guntun kwali a ɗayan. Ta ce, "Mutumin da bai taɓa barin zare ya wuce shekara ba, ba ni zan sa a ce nasa ya tsinke ba. Ku naɗe mini tsohon a nan."

Muna warwarewa yana tsinkewa da kansa a hannuna, Hajiya tana kawar da kai. Da muka yi nisa sai wani koren zare ya bayyana a ƙasa. Wallahi na manta da shi. Garba kan shimfiɗa saƙaƙƙen zare a gindin kwarkwaro, ya ƙulla nailan a kansa, kuma na saman kawai yake sauyawa, don rana ba ta kai wa na ƙasan. Na ja shi da ƙarfina, ko gezau. Ga ƙullinsa nan a tsakani, irin wanda ya ce mahaifinsa ya koya masa, wanda ni ban taɓa iyawa ba. Zainab ta daɗe tana juya shi a yatsunta. Sai ta yanke, ta ɗauko bakin sabon nailan da ta sayo ta ƙulla irinsa sak, ta kai baki ta ce, "Baba ya ce a jiƙa da miyau kafin a ja." Rabon da in ji jimla cikakkiya ta Hausa a bakinta har na manta. Hajiya ce ta riƙe fensir, ni na koma gefe, don idona ba ya gani sosai a lokacin.

Na bi su ranar fitar, kuma teku ba ta sauya ra'ayinta game da cikina ba. Wajen hantsi sandar ta lanƙwashe, birki ya fara kuka. Kifin ya yi ta gudu da zare har nailan ya ƙare, ƙullin Zainab ya bi ta zobba ya faɗa ruwa, koren zaren Garba ya biyo baya. Na riƙe ƙarfen jirgi ina salati. Ƙullin bai saki ba har aka jawo kifin cikin jirgi. Da yamma Hajiya ta buga wa mutane waya, aka zo da kwanoni.

Idan na auna abin da ya rage na Garba, ba shi da yawa a ido. Jirgi ya tafi, gadojin da ya yi wa aiki ba sa ɗauke da sunansa, tsohon zaren yana cikin akwatin Hajiya ba zai ƙara kama komai ba. Amma abin da ya shimfiɗa a ƙasa yana nan da ƙarfinsa, kuma an sami hannun da ya iya ƙulla sabo a kai. Ina kewarsa ƙwarai, shekara goma ba ta rage komai ba. Allah Ya jiƙan Sarkin Ruwa, Ya sanyaya makwancinsa.

Shekaranjiya wayata ta yi ƙara. Zainab ce, da Hausarta mai ɗingishi. "Baba Sani, ka zo Laurel ranar Asabar. Za mu sauya zare."