Ɗakin Iri na Ƙarshen Baranda

A tsangayar aikin gona ta jami'ar jihar akwai wata doguwar baranda mai ƙofofi goma sha ɗaya a jere. Ta ƙarshe, wadda ke kusa da tankin ruwa, ita ce ƙofar ɗakin iri. Shekara talatin da huɗu makullin ɗakin yana hannun mace ɗaya, har ɗalibai da malamai suka manta sunanta na yanka, kowa sai dai Mama Iri.

Tana da shekara ashirin da shida aka ɗauke ta aiki, da ƴar takardarta ta aikin ɗakin gwaje-gwaje. Aikinta na farko wankin kwalabe ne. Wata rana Farfesa, wani dogon mutum mai saurin fushi da saurin hucewa, ya same ta tana rubuta sunaye a jikin kwalaben, ya tsaya ya daɗe yana kallon rubutun.

"Ke wa ya koya miki rubutu haka?"

"Babana ne, ranka ya daɗe. Tela ne, ya ce layin da ya karkace ɓata yadi yake."

"To daga gobe kin bar wanki. Ina da aikin da ba ya son karkacewa."

A lokacin gwamnatin jiha ta ware wa jami'ar kuɗi na musamman don a tattara tsofaffin irin shuka kafin su ɓace, tunda manoma sun fara komawa irin kanti. Aka ba su mota da direba, aka gina ɗakin sanyi da injinsa. Suka yi ta bin ƙauyuka suna roƙon tsofaffi cikin tafin hannu na gero, dawa, wake, riɗi, kuɓewa. Farfesa ke magana, ita ke rubutu: sunan irin, sunan garin, sunan wanda ya bayar, da abin da ya faɗa a kansa. Wannan yana jure fari. Wannan tsuntsu ba ya so. Wannan kakarmu ta zo da shi. Kafin shekara goma ambulan ɗin da ke kan kantocin ɗakin sanyi sun haura dubu biyu, kuma duk damina sai an fitar da wani kaso an shuka a gonar bayan tsangaya a sabunta shi, don ko a sanyi iri yana tsufa.

Barandar a cike take a wancan zamani. Su bakwai ne a ɗakin iri ban da Farfesa, da butar shayi ɗaya da ba ta huce ba. A nan ta yi goyon ƴarta ɗaya tilo, a nan aka zo aka gaya mata motar mijinta ta yi hatsari ya rasu, kuma mutanen barandar ne suka cika mata gida kwana bakwai.

Abin bai lalace rana ɗaya ba. Gwamnati ta sauya, aka ce a yi haƙuri, kuɗin shirin zai zo a zango na biyu. Zango na biyu ya zo aka ce sai sabon kasafi. Sabon kasafi ya zo da albashi kawai, shi ma da ƙyar. Motar ta tsaya a ƙarƙashin bishiya tana jiran tayoyi har kaji suka fara ƙwai a cikinta. Farfesa ya yi ritaya, bai cika shekara biyu ba ya rasu. Cikin abokan aikinta ɗaya ya koma jami'a mai zaman kanta, ɗaya ya bi matarsa ƙasar waje, biyu suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, wani kuma ya buɗe shagon maganin ƙwari a kasuwa, in sun haɗu sai ya sunkuyar da kai. Ta ƙarshen, wadda suka fi shaƙuwa, ta zauna ta yi kuka ranar da za ta tafi.

"Yaya, ki zo mu tafi tare. Suna neman irinki."

"In bar wa wa ɗakin?"

"Ki bar wa masu shi."

"Ai su ba su san suna da shi ba."

Daga baya aka rufe kwas ɗin da ɗalibai ke zuwa ɗakin iri dominsa, aka ce ba malamai isassu. Ƙofofin barandar suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in ta taho da safe ba abin da take ji sai ƙarar takalminta. Takan buɗe ɗaki, ta rataye gyale, ta sa farar riga, ta duba ma'aunin sanyi ta rubuta a littafi. Takan dafa shayi ta sha a tsaye a bakin taga. Akwai ranakun da tun fitowarta gida har komawa ba ta cewa kowa komai in ban da gaisuwar mai gadi. Ƴarta, wadda ke aikin jinya a wani gari mai nisa, takan kira ranar hutu.

"Umma, muryarki ta dishe."

"Rashin amfani ne. Ta yi tsatsa."

Wata safiya ta buɗe ƙofar ɗakin sanyi ta ji iska mai ɗumi ta buge ta a fuska. Injin ya mutu. Mai gyara ya zo ya kwance shi, ya ce zuciyarsa ce ta ƙone, sai sabuwa. Ta rubuta takarda ta kai wa shugaban sashe, mutumin da ta taɓa koya wa riƙe ma'auni yana ɗalibi. Ya karanta, ya cire tabarau ya murza idonsa.

"Mama, wallahi alli ma da kuɗina nake saya. Amma zan tura sama."

Ya tura. Ta sake rubutawa bayan wata biyu, ta sake bayan huɗu. Sakatariyar sashe har ta buɗe mata fayil nata na kanta, tana tsokanarta da cewa in aka ɗinke takardun za a sami littafi.

Ana nan sai labari ya zo cewa kwamitin ilimi na majalisar jiha zai zagaya jami'ar kafin a tsara kasafin baɗi. Tsangaya ta motsa kamar ana shirin karɓar surukai. Aka shafe gaban ginin da fenti, aka aro na'urori daga wani sashe aka jera, aka nome ciyawa iya inda ido zai kai. Shugaban sashe ya zo da kansa ya ce mata ta shirya, ɗakin iri yana cikin jerin wuraren da za a nuna.

Kwana uku tana shiri. Ta goge kantoci, ta fitar da faranti goma sha biyu ta zuba iri kala-kala, ta rubuta wa kowanne sabon kati. Ta wanke farar rigarta ta goge ta. Ta tsara abin da za ta faɗa, gajere, ta yi ta maimaita shi a gaban madubi: abin da ke ɗakin, abin da ya lalace, abin da za a rasa. Ranar ta zo tun ƙarfe bakwai. Wajen sha ɗaya ta ji jiniya, ta ji muryoyi da dariya a farkon barandar, ta tsaya a bakin ƙofa ta haɗa hannuwa. Ta hango manyan riguna da masu ɗaukar hoto sun shiga ƙofa ta farko, sun fito, sun shiga ta biyu. Sai wani ya duba agogo ya yi magana a kunnen wani. Gaba ɗaya suka juya. Ta ci gaba da tsayuwa har ƙarar motocin ta ɓace, don tana ganin ko wani zai dawo. Daga baya ta ji an ce sun tafi duba sabuwar ƙofar shiga jami'a ne, sannan abincin rana.

Ta mayar da irin cikin ambulan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Abin da ya fi damunta shi ne maganar da ta haddace, wadda ta yi kwanaki tana yawo a bakinta ba inda za ta sauke ta.

Da kasafin ya fito ba ɗakin iri a ciki. A makon ta jiƙa auduga ta jera ƙwayar wake ɗari daga wata tsohuwar ambulan, kamar yadda aka saba gwadawa. Bayan kwana bakwai guda talatin da ɗaya suka tsiro. Shekara biyu da suka wuce irin nan casa'in ya ba ta. Saura mata wata goma sha huɗu ta yi ritaya, kuma gonar bayan tsangaya ba leburori, ba ruwa, shingen ma awaki sun gama da shi.

Ta koma wurin shugaban sashe, wannan karon ba da koke ba.

"Ina so ka sa mini hannu in mayar wa mutane kayansu."

"Wane mutane, Mama?"

"Waɗanda suka ba mu. Sunayensu na nan da garuruwansu. Rabi in bari a kan kantoci, rabi in kai. A ƙasa zai rayu, a nan mutuwa yake."

Ya daɗe yana juya biro. "Mota fa? Kin san ba ni da ita."

"Ban tambaye ka mota ba. Hannu na ce."

Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya rako ta har ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

Haka ta fara tafiye-tafiyen ƙarshen mako, da jakar hannu cike da ambulan, a motar haya, wani wuri a bayan babur, gwiwoyinta na ciwo. Yawancin waɗanda suka ba da irin sun rasu. Wasu ƴaƴan suka karɓa don kunya, ta san da ta juya baya kaji za a watsa wa. Wani ya tambaye ta ko akwai taki a haɗe, da ta ce babu ya miƙo mata abinta. Wani gari ma ba ta same shi ba, an yi hanya ta bi ta kansa.

Amma a wani ƙauye, da ta faɗi sunan da ke jikin ambulan, aka kai ta wurin wata tsohuwa da ke zaune a inuwar katanga, idonta ya yi rauni. Mama Iri ta zuba mata waken a tafin hannu. Tsohuwar ta mulmula shi da yatsa, ta kai hanci.

"Mai jan ido ne?"

"Shi ne, Inna."

"Na maigidana ne. Shekarar da ƙwari suka cinye rumbu muka rasa shi. Ya yi ta cigiya har ya bar duniya." Ta damƙe hannunta. "Ashe yana wurinki. Ke ƴar wa ce?"

"Ma'aikaciya ce, daga jami'a."

"Duk shekarun nan kina riƙe da shi? Ke kaɗai?"

"Da muna da yawa."

Tsohuwar ta hana ta tafiya sai da ta ci abinci, ta sa aka kira ƴaƴanta maza biyu daga gona ta ce su zo su ga waken ubansu. A motar dawowa Mama Iri ta zauna a kujerar baya, ta juya fuska wajen taga, hawaye suka yi ta zuba, har matar da ke kusa da ita ta tambaya ko rasuwa aka yi. Ta ce a'a, ziyara ta je.

Kafin ranar ritayarta ta kai kusan ambulan ɗari huɗu. Sauran ba ta kai gare su ba. Ranar ƙarshe ta share ɗakin, ta ninke farar rigar ta sa a jaka, ta tafi ofis da makulli. Shugaban sashe yana taro. Sakatariya ta karɓa, ta rasa wanda za ta rubuta an miƙa wa, sai ta jefa shi a aljihun tebur tare da su almakashi. Ta ce za a shirya mata liyafar ban kwana in abubuwa sun daidaita.

Shekara biyu da rabi tana gida, a ɗakuna biyunta da ƴar farfajiya, sai ga wayar shugaban sashe. Sabuwar gwamnati ta saki kuɗin gyaran ɗakunan gwaje-gwaje, an sa sabon injin sanyi, yana so ta zo ta gani. Ta je. Ɗakin ya yi sanyi har cikin ƙashi, fitilu farare, kantoci na ƙarfe masu sheƙi. Tsofaffin ambulan ɗin suna cikin kwalaye a ƙasa. Ta buɗe guda ɗaya, irin ya zama gari, ga ƙwari.

"Mun gwada hamsin, ko ɗaya bai tsiro ba," in ji shi. "Mama, waɗanda kika kai ƙauyuka fa? Kina ganin suna nan?"

"Wasu. Na ji labarin wasu."

Ta ciro wani littafi mai baƙin bango daga jakarta ta ba shi: kowane gari, kowane gida, da wanda ya karɓa da hannu biyu da wanda ya karɓa da hannu ɗaya. Ya yi ta buɗa shafukan a hankali.

"Matsalar ita ce kuɗin na kayan aiki ne kawai," ya ce, bai ɗago ba. "Ba na tafiya a ciki. Ba na ɗaukar ma'aikaci."

Ta yi dariya, har ta dafa ɗaya daga cikin kantocin don kar ta faɗi. Shi ma ya yi, ta dole.

"To ka ajiye littafin a ciki," ta ce. "Kar sanyin ya tafi a banza."

Ya ce zai sa kuɗin tafiyar a kasafin baɗi, ta ce Allah ya sa. Ya so ya kai ta gida a motarsa, sai aka kira shi ofishin shugaban jami'a, ya ba ta haƙuri ya tafi da sauri. Ta ja ƙofar ta rufe da kanta, ta bi barandar a hankali saboda gwiwa, ta fita bakin titi ta tsaya jiran mota. A nan ƴarta ta kira, tana maganar da ta saba, cewa ta tattara ta dawo wurinta, ga ɗaki an gyara, ga jikoki suna tambaya.

"Bari damina ta wuce," in ji Mama Iri. "Akwai gidaje uku da suka ce in zo in ga abin da ya fito."