Luming da Jarumai Huɗu Marasa Aikin Yi

Iluminada Sarmiento, wadda duk unguwar Quiapo ta sani da Luming, ba ta taɓa cewa tana son zama mai zane ba. Aikinta a kamfaninmu na komiks, wato mujallun labari cikin zane, bin layin fensir ne da tawada. Mang Poldo, babban mai zanenmu, ya ƙirƙiro labari ya zana, ita ta bi da baƙar tawada, ni kuma in rubuta maganganun da ke fitowa daga bakin mutanen. Shekara tara muka yi a haka a saman wani shagon gyaran agogo, mu bakwai da fanka ɗaya, ita ma fankar kullum tana kallon teburin edita, Mista Villaruel.

Labarin da ke ciyar da mu shi ne Garkuwa Biyar. Maza huɗu ne masu ƙirji kamar ƙofar coci, shugabansu Kwamanda Aradu, sai mace ɗaya, Dalisay. Baiwar da Mang Poldo ya ba ta ita ce ta ji haɗari na tafe, ta dafe goshi, ta suma. Daga nan a sace ta, mazan su bi sawu. Luming ta ce sau talatin da ɗaya aka sace yarinyar nan, kuma ko sau ɗaya ba a ga gashinta ya hargitse ba.

A watan Mayu na 1974 zakaran Mang Poldo ya ci gasar faɗan zakaru a wani biki a lardin Bulacan. Murna ta yi masa yawa, giyar kwakwa ma haka, ya faɗo daga bayan jifni, motar hayar garinmu, ya karya hannun dama. Ya bar shafi shida a zane cikin takwas: wani dodo daga bayan taurari na shirin haɗiye wata, an ɗaure mazan da sarƙa a cikin jirginsu, Dalisay kuma tana kwance a kicin ɗin jirgin, a sume kamar yadda ta saba. Daga asibiti ya aiko da saƙo cewa Kwamanda zai tsinke sarƙa, sauran kowa ya sani. Mista Villaruel ya tura wa Luming farar takarda biyu ya ce ta ƙarasa kafin la'asar.

Ta ƙarasa. A shafi na bakwai wata tsohuwar tauraruwa da ta girmi rana tana bakin mutuwa, tana neman wanda zai gaji wutarta. Ta leƙa jirgin, ta tarar da mazan a ɗaure suna gardamar wanda ya jawo musu wannan hali, sai ta wuce kicin ta zuba wa Dalisay wutar. Dalisay ta buɗe ido, gashinta ya zama farar wuta, ta yi ta girma har duniya ta koma kamar lemun tsami a gefen ƙafarta. A shafi na takwas ta kama dodon a kunne, irin kamun da iyayenmu mata ke yi, ta wurga shi inda ko haske bai taɓa zuwa ba. Sannan ta dawo ta kwance mazan.

Na tambayi Luming me zan rubuta a bakin Dalisay. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Rubuta: akwai shinkafa a tukunya, kowa ya wanke kwanonsa."

Na ce za a kore mu. Ta ce to in rubuta da kyau, tunda shi ne na ƙarshe.

Mista Villaruel bai taɓa karanta abin da yake bugawa ba, ya aika maɗaba'a ya tafi cin taliyar pansit. Sai ranar Litinin matarsa ta karanta masa da ƙarfi a wajen karin kumallo, tana dariya. Ya shigo ofis yana huci, ya ce Luming ta mai da jarumansa 'yan wanke-wanke. Tana fiƙe fensir ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ba su wanke ba tukuna. Sai fitowa ta gaba."

Da ya kore ta a ranar, amma masu rumfunan hayar komiks suka riga shi. Suka zo suna neman ƙari, wai mata masu wanki da masu sayar da kifi sun yi wa fitowar kaca-kaca da hannu. Wasiƙu suka biyo baya cikin buhu. Wata malamar jinya ta ce ta manna shafin a ƙofar bayi don mijinta ya riƙa gani. Wata sistar coci daga garin Iloilo ta yi ƙorafin gajartar siket ɗin jarumar, sannan ta tambayi yaushe Dalisay za ta sake dukan wani.

Wata biyu Luming na riƙe da fensir. Dalisay ta kashe gobara a rana, ta raba faɗa tsakanin duniyoyi biyu, ta matsar da wata don masunta su samu ruwa mai kyau. Mazan kuwa suna can baya, hannu a ƙugu, suna kallo. Akwai fitowar da duk aikin Kwamanda Aradu shi ne riƙe mata mayafi.

Mang Poldo ya dawo da hannu a filasta, ya duba shafukan, ya zauna ya yi kuka na gaske. Ya ce 'ya'yansa huɗu sun zama zauna-gari-banza. Maza ma sun fara rubuto nasu wasiƙun, kuma maza ne ke shan giya da edita. Aka yanke hukunci: Dalisay za ta mayar wa sama da wutarta, ta auri Kwamanda.

Poldo ya zana bikin, Luming ta bi da tawada, layi bisa layi, ba ta canza komai ba sai ɗan lanƙwasa ɗaya a gefen hancin amarya. Duk wanda ya ga hoton ya san matar nan ta shaƙi warin ruɓaɓɓen kifi. Ciniki ya faɗi. Bayan shekara ɗaya aka rufe labarin, Luming ta koma garejin mijinta, Mang Ambo, tana zana dawakai da waliyyai a jikin jifni. Ta yi shekara talatin a nan, ta aurar da 'ya'ya uku, ta yi ƙiba.

Bara wasu ɗalibai mata daga jami'a suka nemo ta, ni na raka su. Suka zauna a gabanta da na'urar ɗaukar magana, suna kiranta Lola, wato Kaka, suka tambayi wane zalunci ta gani a gidan aure har ta yi wannan tawaye. Mang Ambo na bakin murhu yana soya musu ayaba.

"Wane zalunci, 'yan nan? Wancan tsohon ya fi ni iya girki," in ji ta. "Kun taɓa bin gashin idon mace a rufe da tawada? Ɗaya bayan ɗaya, kowane mako, shekara tara. Idona ne ya gaji. Na ce bari ta farka."

Ɗaliban suka kalli juna. Ɗaya ta tambaya ko za ta iya faɗin hakan ta wata hanya, saboda kundin digirinta. Luming ta ce ta rubuta duk abin da zai sa a ba ta takardar, ita dai kada a manta a ce dodon ya fito da kyau. Sannan ta aike ni sayen ƙanƙara, ni mai shekara saba'in da tara, don lemon baƙi ya yi sanyi.