Ranar da Baba Yohanna Ya Ce A Ba Kopa Sabulu

Har yau ban manta da Asabar ɗin da aikina ya rataya ga jifa guda ba, jifan ma ba na gaske ba, na cikin talabijin. Jiya wani sabon ɗauka ya tambaya a gurup ɗin nan namu na ma'aikatan gidajen gem mi ya sa ake ce mini Bashar Sabis. Bari in faɗa da bakina, don in na bar wa tsofaffin hannu sai sun ƙara gishiri.

Bara ne, sati biyu bayan Babbar Sallah. Lokacin ina shekara ta biyu a gidan gem na Oga Lawali a Yelwa, kusa da hanyar tasha. Ga wanda bai san tsarinmu ba, ɗaki biyu gare mu. Na gaba shi ne na ƙwallon ƙafa, nan kuma ake cajin waya, Oga da kanshi ke zama wurin. Na baya ni ke riƙe da shi. Da safe in share, in goge fad, wato abin latsawa, in tada inji in babu wuta, in tsara wa ke bin wa. Babban aikina kuwa, duk gem ɗin da ke cikin na'ura dole in iya shi, don in koya wa mai shigowa.

Sai Oga ya tafi Kontagora ya dawo da wata na'ura ta hannu, gem guda ne kacal a cikinta. Mai sayarwa ya ce mishi wasan ƙwallo ne. Bai yi ƙarya ba. Munka kunna sai ga ƙattai da hular hana sallah, ɗaya ya riƙe kulki. Bezbol ake ce mishi. Oga ya tambaye ni ko na iya, gaban mutane, ni kuwa na ce ai wannan tun ina sakandare nake yin shi. Ban taɓa ganin shi ba ko a mafarki.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Ɗaya na jifa, ɗaya na duka da kulki. In mai kulki ya kuskure sau uku, ya fita. In ka fitar da mutum uku, an gama zagaye, ku canza. In kuwa ya doki ƙwallon ta yi nisa, sai mutanensa su zagaya fili da gudu, ci ke nan. Wannan na gane shi cikin kwana guda. Abin da ya kashe ni shi ne abubuwan da ke fitowa a allo in kai ne mai jifa. Gaban mai kulki akwai akwati mai gida tara, wasu gidajen ja, wasu shuɗi. A gefe kuma ga irin jifa huɗu, kowane da 'yar sanda a samansa, wani lokaci ta cika, wani lokaci ta ragu.

Na dubi 'yan sandunan nan, na dubi saman wayata, na ga kamar uwa ɗaya ta haife su. Sai na sanar da jama'a cewa sabis ne. Na ce in sanda ta ragu, to sabis ya yi ƙasa, shi ya sa jifa ba ya tafiya daidai. Jajayen gidaje kuwa na ce nan wuta take, nan ake jefawa. A cikin jifa huɗun ma guda na riƙe, mai saurin nan, na sa mishi suna harsashi.

Ku sani na'urar nan ba ta haɗe da komai in ban da soket. Amma kafin kwana uku, duk wanda sandarsa ta ragu sai ya hau benci ya ɗaga fad sama. Wasu har da juyawa gabas. Ni na matsa da talabijin bakin taga, na ɗora na'urar bisa bokiti. Wani mai ɗinki ya rantse mini shi in ya tsaya da ƙafa ɗaya tashi takan dawo.

Ranar Laraba sai ga Kopa Tunde, ɗan bautar ƙasa ne da ke koyarwa can wajen Ngaski, ya shigo Yelwa aski. Ya ga gem ɗin ya yi murna kamar ya ga ɗan garinsu, ya ce mu buga. Na riƙa aika mishi harsashi cikin ja, shi kuwa yana aika ta bayan fili. Sandata ta zube ƙasa, na hau benci. Ya dube ni daga ƙasa, da 'yar Hausarsa ya tambayi mi nake nema can sama. Na ce sabis. Ya ajiye fad ya fita waje, muna jin dariyarsa daga bakin kwata. Ya dawo ya ƙarasa ni ashirin da uku da nema, bai gaya mini komai ba, sai dai yana fita ya ce, “Oga Bashar, gobe ka hau rufin ɗaki.”

Duk wannan a idon Oga Lawali anka yi shi. Alhamis ɗakin baya ba kowa, don mutane sun ce wasan ba ya ciyuwa sai ga baƙi. Da la'asar Oga ya kira ni ya ce dama wani dillalin albasa na neman ɗakin ajiya, kuma yana neman mai juya mishi buhuna. Ya ce Kopa zai dawo Asabar.

“Ban ce ka ci shi ba,” in ji Oga. “Zagaye guda nika so. Ka fitar da mutum ukunsa bai ci ba, mutane su ga ɗan Yauri ma na iyawa. In ka kasa, na'ura ta koma Kontagora, ɗaki na albasa ne, kai ma na albasa ne.”

Na ce to, Yallaɓai. Na koma gida Inna ta ga ina juya tuwo ban ci ba, na gaya mata, ta ce ai albasa ba abin kunya ba ce, kuma a riƙa kawo mata ta miya.

Juma'a da hantsi ina ta gwaji ni kaɗai da na'ura, tana ta lallasa ni. Bencin ɗakin gaba ya cika, sai Oga ya turo mini Baba Yohanna ya zauna ɗakina. Baba masunci ne daga wajen Warra, dattijo, in ya shigo Yelwa da kifi yakan zo da wayoyin rabin unguwarsu cikin buhun gishiri a sa musu caji, ya zauna jira. Bai taɓa taɓa fad ba. Ya fi awa yana kallona ina hawa benci ina sauka. Can ya ce in zauna haka nan, hawa da saukata na sa shi jiri.

“Ɗana, wagga sanda ba ruwanta da taga,” ya ce. “Tun ɗazu nika kallo. In mai kulki ya doke ta, sandar ta rage. In ya kai duka ya sha iska, ta ƙaru. Ko kana bisa benci ko kana ƙasa, haka take yi.”

Na so in yi musu, sai na gwada ina zaune. Gaskiyarsa. Na ji kamar in shige cikin bokitin.

Daga nan ya karɓe darasi. Ya ce shi bai san sunan wasan ba, amma abin da ya gani su ne, wato kamun kifi. Mai kulki tarwaɗa, ƙwallo koto. Sandar nan tana gaya maka wane koto ke ci yau, wane ne kifi ya gane. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin mai fatsa da koto iri ɗaya tun safe har yamma, ni da ke da huɗu na maƙale wa guda. Jajayen gidaje kuma ya ce ai nan bakin kifin yake, tunda duk wadda na jefa can ba ta dawowa. Shuɗi nan ne ba ya kai wa da kyau. Sai dai ya ce wani lokaci a ajiye koto dab da ja amma a waje, kwaɗayi zai jawo shi.

Ya sa na jefa sauran ukun ɗaya bayan ɗaya, yana raɗa musu suna. Wanda ke lanƙwasa ya ce tana. Wanda ke zuwa sai ya nutse ƙasa ya ce dalma, irin ta bakin birgi, ragar kamun kifi. Na ƙarshe yana zuwa kai tsaye sai ya zame gefe, Baba ya yi dariya ya ce wannan sabulu ne, dama tarwaɗa na son sabulu. Kafin wayoyinsa su cika na fitar da mutum biyar. Na roƙe shi ya kwana Yelwa wajen ɗiyarsa, ya ce sai dai in na yarda ba zan sake hawa benci gabansa ba.

Asabar bayan azahar ɗakin ya cika har taga. Dillalin albasa ma ya zo, yana auna bango da ido. Kopa ya shigo yana tambaya ko sabis ya gyaru. Baba ya zauna gefena, hularsa bisa gwiwa.

Mutum na farko, Baba ya ce tana, na ba shi tana cikin shuɗi, ya sha iska. Sabulu, ya sha iska. Harsashi can sama, ya kai duka ya kuskure, ya fita. Kopa ya gyara zama. Na biyu ya taɓa ta da ƙyar, ta tashi sama kamar balbela, ɗan wasana ya cafe, shi ma ya fita ke nan. Saura ɗaya. Amma na uku ya doki harsashina ya samu shiga, na huɗu ma haka. Mutum biyu ke nan a fili, duka ɗaya mai kyau sun ƙarasa zagaye, ci ke nan. Na ga dillali ya fiddo waya.

Na biyar na ba shi sabulu sau biyu, duka ya kuskure. Sandar sabulu ta cika fal, ta dalma ko rabi ba ta kai ba. Ɗakin kowa na cewa sabulu, har da mai ɗinki. Na saci kallon Kopa, na ga leɓensa na motsi, shi ma sabulu yake faɗi. Ashe ya daɗe da gane sunayen, ya riga ya karkatar da yatsa gefen da take zamewa.

Baba ya yi gyaran murya, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Ba shi sabulu, ɗana, ya wanke.” Yana faɗi yana take mini ƙafa da wani takalmin roba mai nauyin kwalekwale.

Yatsana na kan sabulu. Allo na cewa sabulu. Ƙafata na cewa wani abu daban. Na latsa dalma, ƙasa, dab da ja. Kopa ya kai duka gefe tun ƙwallon ba ta iso ba, ita kuwa ta nutse ta ƙarƙashin kulki. Ya fita. Ya dubi allo, ya dubi Baba, ya ce, “Baba, wannan ba sabulu ba ne.” Baba ya sa hularsa ya ce shi tsoho ne, wani lokaci yakan ruɗe.

Don kada a ce na ɓoye, mun ci gaba da wasan, Kopa ya ci ni sha ɗaya da biyu. Amma zagaye guda Oga ya nema, ya kuwa samu. Ya ce na'ura ta zauna, ni ma na zauna. Da munka keɓe na tambayi Baba mi ya sa ya hana ni wanda sandarsa ta cika. Ya ce sanda ta san abin da kifi ya ci ɗazu, ba ta san ya buɗe ido yanzu ba, wannan sai ka dubi kifin.

To ku sababbi, abin da na ɗauka ke nan. In an kawo gem baƙo, ku ce ba ku sani ba, ku zauna ku ga mi ke motsa mi kafin ku raɗa wa abu suna, don duk shirmen da mai ɗaki ya faɗa, unguwa guda za ta hau benci a kansa. Ku riƙa duban allo, amma ku riƙa duban yatsan wanda ke gefenku. Kuma dattijon da ke jiran caji, kada ku ɗauka bango yake kallo.

Albasar kuwa ta zo duk da haka, don ashe Oga ya riga ya ba dillali rabin ɗakin tun ranar Alhamis. Yanzu bisa buhuna ake zama a buga, ni ke juya su da safe kafin in goge fad. Inna na samun ta miya. Mai ɗinki kuma har yau in sandarsa ta ragu sai ya faki idona ya ɗaga ƙafa ɗaya.