Madafar da Na Gina wa Inna

Ko da tsufa zai kwashe min tunani, ba na jin zai iya ɗauke shekarar da na gina wa mahaifiyata madafa. Har gobe in na ji ƙaurin hayaƙin itace sai shekarar ta dawo min sabuwa.

Lokacin ina aiki a Gaya, ita kuma Inna tana gidanmu na Toranke. Tun tasowata a tsakar gida take girki, in damina ta zo ta koma ƙarƙashin wata rumfar kara mai yoyo. Da Allah ya hore min, sai na ce wahalar nan ta ƙare. Na sa aka yi mata ɗakin bulo da siminti, aka yi silin, aka sa tagar gilashi da ƙofar ƙarfe mai rufuwa ruf. Da yake ta ce ita da gas haihata-haihata, aka gina mata murhu a jikin bango, da bututun da zai fitar da hayaƙi ta saman kwano. Ranar da aka gama, ji nake babu ɗan da ya kai ni.

Ba a yi sati biyu ba na zo na tarar da ɗakin ya turnuƙe. Inna na durƙushe tana fifita wuta, idanunta jajur. Na ce, “Inna, wannan hayaƙin fa?”

Ta ce, “Itacen ne ɗanye. Allah ya yi maka albarka.”

Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta dubi idona ta ce aikina bai yi ba. A lokacin ban yi wannan tunanin ba. Na aiko da busasshen itace. Bai hana ba. Na sa aka zura gora aka share bututun, ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki, ba a sami komai ba sai kunkunniya. Aka ƙara masa tsawo. Ƙaurin ya kama labule, ya kama kayan sawarta, ko ba a hura wuta ba ɗakin warin toka yake. Daga nan na yi abin da na ɗauka dabara ce: na sa aka kafa fanka mai zuƙe iska waje, mai aiki da sola. Na kuma ja kunnenta cewa ta riƙa rufe ƙofa saboda ruwa da ƙudaje. Ta bi maganata sau da ƙafa.

Dama tana da ɗan tari na tsufa. Kafin kaka tarin ya zama wani abu daban, in ta fara sai ta dafa bango. Ƙanwata ce ta kira ni ta ce, “Yaya, ka zo ka ga Inna da idonka, ka daina tambayarta a waya.”

Na taho da wani dattijon magini ɗan Kademi da aka yi min kwatancensa. Ya shiga ya sa aka hura wuta, aka rufe ƙofa, aka kunna fankar. Ya tsinke zare daga bakin rigarsa ya riƙe a bakin bututun. Ina kallo zaren ya karkato cikin ɗaki. Ya ce in kashe fankar in buɗe ƙofa. Nan take zaren ya juya, hayaƙin ya miƙe ya bi hanyarsa.

Ya ce, “Ɗana, ka toshe ko'ina, ka kuma sa abin da ke kwashe iskar ɗakin. To ta ina wata za ta shigo? Dole ta biyo bututun nan, ta turo hayaƙin a gaba. Wuta ba ta ci sai da iska, hayaƙi kuma ba ya fita sai wata iskar ta maye gurbinsa.”

Na ce, “Baba, yanzu mene ne abin yi?”

“Cire fankar. A fasa kafar iska biyu a ƙasan bango.”

Aikin da bai kai rabin yini ba ke nan. Inna na zaune a tabarma tana kallon ana fasa bangon. Ta ce a hankali, “Na so in ce a bar ƙofar a buɗe, sai na ga ka sha wahala.”

Ɗakin ya gyaru, amma ƙirjinta bai gyaru ba. A asibiti likita ya ce hayaƙin shekara da shekaru ne ya ci huhunta, na watannin nan ya zo ya ƙarasa. Ya faɗi haka ne don ya rage min nauyi, ni kuwa rabin maganar na ƙarshe kawai na ji. Sau uku ko huɗu ta ƙara girki a madafar. Kafin wata daminar muka kai ta makwancinta.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma na koyi abin da ya zauna min daram: in ka yi wa wanda yake jin nauyinka alheri, kada ka tsaya a kan godiyarsa. Je ka zauna inda ka zaunar da shi, ka shaƙi abin da yake shaƙa, domin mai kara zai iya mutuwa yana sa maka albarka.