Inna Mai Faɗuwa

Aikin Inna a makarantar koyon taimakon gaggawa shi ne ta faɗi. Talata da Alhamis takan rufe shagon ɗinkinta, ta zo ta miƙe a simintin aji, a shafa mata jan ruwa a goshi, ta lumshe ido. Sai ɗalibai su rugo da jakar bandeji.

"Inna, kina ji na? Ina ke miki ciwo?"

Ka'ida ita ce ta farfaɗo da zarar an duba numfashinta an juya ta gefe. Inna kuwa sai ta ja lokaci, musamman in ɗalibar da ta riƙe mata wuyan hannu mai ɗumin tafin hannu ce.

A gida takan ce don lada take yi. Ɗanta ya yarda, don daga bakin ƙofa yake gaishe ta, idonsa a waya. Gaskiyar ita ce, tun rasuwar maigidanta ba wanda ya riƙe hannunta ya jira amsa sai yaran nan.

Wata Talata ta tarar da mutum-mutumin roba kwance a wurinta. In an danna ƙirjinsa daidai, fitila ta kama.

"Inna, ga ƙanenki an kawo," in ji wani dogon ɗalibi.

"Wannan da ko gaisuwa bai iya ba?"

Aka yi dariya, har da ita. Amma ta daɗe tana gyara mayafin da bai karkace ba.

Malamar horon, wata tsohuwar nas, ta ja ta gefe, ta ce yau ce faɗuwarta ta ƙarshe. Inna ta ce ba komai, dama ɗinki ya taru.

Ta kwanta. Aka duba, aka juya ta, aka kira. Shiru. Dogon ɗalibin nan, da ke riƙe da wuyan hannunta, ya fara tsorata da gaske. Malama ta durƙusa da kanta, ta kama hannun. Jini na bugawa lafiya lau. Sai ta ji yatsun Inna sun damƙe nata, sun ƙi saki.

Malama ma ita kaɗai take kwana a gidanta. Ba ta janye ba.

"Danna ƙirji dai na ƙanenki ne," ta ce a hankali. "Amma tambaya sai mai baki. Jibi kada ki makara."

Inna ta buɗe ido ɗaya.

"To a faɗa wa dogon nan hannunsa sanyi."