Zomon Surukina a Layin Raƙuma

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Birnin Ƙonni, har da sunayen wasu yaran da na koyar, amma abin da ya faru tsakanina da zomon surukina ba zai taɓa fita daga raina ba.

A ƙarshen shekarun 1980 ne, ina malamin lakwal, wato makarantar boko, aurena bai cika shekara ba. Surukina tela ne, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ko gaisuwa sai kaina a sunkuye nake yi masa. Yana da wani farin zomo da yake ji da shi ƙwarai. Ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba. Ƙarƙashin keken ɗinkinsa yake wuni, kuma mutane sun ce ya fi yin hira da zomon bisa ga masu kawo ɗinki. Da zai tafi aikin hajji, sai ya sa aka kira ni.

"Kai ka yi boko," in ji shi. "Riƙe min shi har in komo. Ganyen wake da dussa shika ci, kuma ba ya son rana."

Na karɓa da hannu biyu kamar an ba ni sarauta. Na ajiye akurkinsa a inuwar itacen bedi na tsakar gidanmu, wurin da matata da maƙwabtanta suke sussuka da sheƙa. Inuwa kawai na duba.

Mako biyu lafiya lau. Wata safiya na ga idonsa na hagu yana hawaye, na ce ƙura ce. Washegari hawayen ya koma farar kwantsa mai kauri, gashin gefen idon ya manne. Na san akwai likitan dabbobi a garin, har na san hanyar wurinsa. Sai dai da na tuna yadda makiyaya suke cika wurin da shanu da raƙuma, na hango kaina, malamin lakwal guda, a tsakiyarsu rungume da zomo, sai na ji ba zan iya ba.

Matata ta leƙa akurkin ta ce, "Ciwon ido na, Malam. Mu gidanmu kwalli aka sa wa."

Ni da aka zaɓa saboda boko, ni na riƙe mata ƙafafunsa. Ta zizara masa kwalli a idon mai ciwo, ta ja baya ta dube shi, ta ce bai yi kyau ba a bar ɗaya fari ɗaya baƙi. Ta sa wa na dama shi ma. Da yamma wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo ta ce kwalli na mutane ne, dabba sai nono, ta ɗiga masa da tsinken tsintsiya. Kwana uku muna haka, kwalli da safe, nono da yamma. Zomon da aka kawo fari tas ya koma kamar wanda ya sha kuka a gidan biki.

Rana ta shida idon ya rufe gaba ɗaya, ya kumbura. Na sa masa ganyen wake, bai ko shinshina ba. Ya takure a kusurwa, kunnuwa a kwance. Tsohuwar ta ce a yanka shi tun da sauran numfashi, a nemo wani fari a kasuwa, ai duk zomo zomo ne. Matata kuwa sai na ga tana share ido da bakin zane. Ta san mahaifinta, ni ma na san shi. Mutumin da yake gane ɗinkinsa a jikin baƙo daga nesa ba za a musanya masa zomo ba.

Na huda kwali, na sa shi ciki, na ɗaure bayan keke, na nufi wurin likitan. Ban tuna ranar kasuwa ce ba sai da na isa. Filin ya cika da Fulani da Buzaye, shanu, jakuna da raƙuma uku. Na yi fatan likitan zai shigar da ni buro, wato ofishinsa, mu rufe ƙofa, ashe a ƙarƙashin itace yake aikinsa, gaban kowa. Na bi layi bayan wani raƙumi mai gyambo. Cikin masu jira har da iyayen ɗalibaina biyu, suka gaishe ni da girmamawa, suna kallon kwalin.

Da layi ya zo kaina likitan ya ce, "Mushe, ina bisarka?" Haka ake kiran malaman lakwal a wurinmu.

Na nuna kwali. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago zomon sama yadda kowa zai gani. Wani dattijon Bafillace mai malfa ya matso, ya duba da kyau, ya tambaye ni cikin natsuwa, "Malam, wagga amarya ta ko ango?"

Dariyar da ta tashi ce ta firgita zomon. Shi da tun safe bai motsa ba ya fizge, ya dira ƙasa, ya shige tsakanin ƙafafun shanu. Na bi shi da rarrafe cikin kashin shanu, da farar rigata ta zuwa aji, ina kiransa da muryar da na ji surukina yana yi. Wata saniya ta kaɗa mini wutsiya a fuska. Dattijon nan ne ya kife zomon da malfarsa, ya miƙo mini.

Likitan bai yi dariya sosai ba. Ya wanke idon da ruwa mai tsabta har kwallin ya fita, ya ɗaga fatar idon, ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani ƙaiƙayin gero, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya tambayi inda akurkin yake, na faɗa masa, ya girgiza kai.

"Hawaye na wuni guda ba komi," in ji shi. "Amma in kwantsa ta yi kauri, ko ido ya ruhe, ko ya bar cin abinci, ranar nan aka kawo shi. Zomo ba ya jure yunwa. Da ka ƙara kwana biyu, ba ido kaɗai za ka rasa ba."

Ya ba ni man ido, ya ce sau uku a rana, ya ce kuma a mayar wa uwargida kwallinta.

Zomon ya warke, ya koma cin ganye, sai dai wani ɗan farin tabo ya zauna a ƙwayar idon. Ranar da surukina ya dawo, gida cike da 'yan barka, na kai masa shi. Ya ɗauke shi, ya juya shi wajen haske, nan take ya ga tabon. Na faɗa masa komai, ban rage ba.

"Kwana nawa kahin ka kai shi?"

"Shida, Baba."

"Mi ya hana ka?"

"Kunya."

Ya shafa kunnuwan zomon ya ce, "Kunyar wa?"

Har yau da furfura ta cika mini kai ina juya wannan tambaya. Mutanen da na ji tsoron dariyarsu sun yi dariyar, sun tafi gida sun ci tuwonsu. Zomon ne ya zauna da tabo har ƙarshen ransa. Tun daga lokacin, ko dabba ce ko mutum, in na ga ciwo ya wuce sanina, ba na tsayawa tunanin yadda za a kalle ni a layi. Ɗauka nake yi in kai wa wanda ya sani, tun ranar farko.